HAƊIN GWIWAR MASANA WAJEN AWON ISKAR KABON TSAKANIN TEKU DA SARARIN SAMA

Duk lokacin da aka ƙona man fetur, ko kwal, ko itace, akwai wata iska marar launi da ke tashi sama, wadda masana ke kira iskar kabon. Yawaitarta ita ce babban dalilin ɗumamar duniya. A shekarar 1958, sa'ad da wani masani ɗan Amurka, Charles Keeling, ya fara awonta a kan dutsen Mauna Loa da ke tsibirin Hawai, ya tarar da kimanin kashi 315 cikin miliyan ɗaya na iskar sarari. A 2024 ta haura kashi 420. Da ba domin teku ba, da ta wuce haka nesa, gama teku yana shanye kusan rubu'in abin da 'yan Adam ke fitarwa kowace shekara.

Sai dai teku ba shanyewa kaɗai yake yi ba. Ruwa mai sanyi, irin na arewacin Tekun Atlantika, ya fi riƙe wannan iska. Amma a yankunan zafi, musamman inda ruwan ƙarƙashi ke tasowa sama, sau da yawa teku yakan mayar da ita sarari. Lamarin kuwa yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga damina zuwa rani. Saboda haka awon da aka yi a wuri guda ba zai isa a san lissafin duniya baki ɗaya ba, kuma babu ƙasar da ke da jiragen ruwan da za su karaɗe tekuna ita kaɗai.

Wannan ne ya sa a 2007 masana daga cibiyoyin bincike na ƙasashe da dama suka amince su tara sakamakonsu a kundi ɗaya mai suna SOCAT, wanda ya fara fitowa a 2011. Yanzu yana ɗauke da awo fiye da miliyan 30, wasu tun daga 1957. Da yawa daga ciki jiragen 'yan kasuwa ne suka kawo su: akan dasa na'ura a cikin jirgin, tana jan ruwa tana awo yayin da yake tafiyarsa ta ciniki. Kafin a shigar da kowane sakamako, lalle ne wasu masana daban su duba shi, domin na'urar da ta kauce kaɗan tana iya ɓata lissafin yanki guda.

Abin da aka lura da shi shi ne, awon ya fi yawa a tekunan arewa inda jiragen fatauci suka fi zirga-zirga, ya kuwa yi ƙaranci a kudancin duniya da gaɓar Afirka. A mashigin Tekun Gini, wanda Nijeriya ke bakinsa, akwai na'urori da aka kafe a kan ruwa ƙarƙashin shirin PIRATA, na haɗin gwiwar Brazil da Faransa da Amurka, tun 1997. Daga 2006 aka sanya wa ɗaya daga cikinsu ma'aunin iskar kabon. Waɗannan na'urori suna kuma auna zafin ruwa da ƙarfin iska, abin da ya shafi manomi kai tsaye, tun da yake daga wannan teku ne iskar damina ke ɗauko ruwan da ke sauka har Sakkwato da Barno. A gida Nijeriya, binciken ruwan gaɓarmu yana hannun Cibiyar Nazarin Teku ta Ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1975.