Sabon Fasfo da Kwana Biyar

Ɗan ƙanwata ya dawo daga Gusau da sabon fasfonsa, kore shar, yana ta juya shi a hannu yana shafa bangon. Ya gama karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, ya ɗan tara abin da ya tara a rumfar gyaran waya a Dauran, ya ce shi fa sai ya taka ƙasar waje kafin a kira shi bautar ƙasa. Na ce ina ka nufa? Ya zaro takarda daga aljihu: Kwatano, Lome, Akara, in kuɗi sun yi saura a dawo ta Yamai. Na ce kwana nawa gare ka? Ya ce, "Biyar, Kawu. In an matsa, shida."

Na ce masa, to ai ba ƙasa huɗu za ka gani ba, ƙeyar direba huɗu za ka gani.

Ba shi kaɗai ke wannan kuskure ba. Mai fita karon farko yakan fara da sunan ƙasa, sannan ya nemi cusa kwanakinsa a ciki. Kamata ya yi a juya lissafin. Ka fara ƙirga kwanakin da ke hannunka, ka cire na zuwa, ka cire na dawowa, ka ajiye ɗaya saboda lalacewar mota ko tsaiko a kan iyaka. Abin da ya rage shi ne tafiyar. Daga Dauran zuwa Ikko, yanzu da mai hankali ba ya ratsa dazuzzukanmu da dare, kwana biyu ne. Daga nan akwai iyaka uku a gabanka kafin Akara: Seme, da ta tsakanin Benin da Togo, da Aflawo, kowace da layinta da tambayoyinta. Ranar da ka ga Akara, ranar ce ya kamata ka juyo.

Ba raina Gana nake ba. Kakanninmu fataken goro sun san hanyar Gwanja da Salaga da Kumasi tun ba mota, sukan yi watanni kafin su ga gida, kuma har yau in ka sauka Nima ko Sabon Zango a Akara, ko zangon Kumasi, da Hausa za ka nemi masauki ka ci tuwo. Amma wannan tafiyar mako biyu ce, a ajiye ta sai an samu mako biyun. Umara kuwa, wadda ita ce fitar farko ta mutanenmu da yawa, ba ta cikin wannan magana. Ibada ce, tana da tsarinta da masu jagorarta.

Da na ce masa ya fara da Maraɗi ta Nijar, sai ya ɓata fuska. "Haba Kawu, Maraɗi ai ba waje ba ce. Masu kawo mana wake da raguna fa."

Wannan raini shi ne ya hana yawancinmu sanin ƙasar da ta fi kowace kusa da mu. A taswira, Maraɗi ta fi Kaduna kusa da Dauran nesa ba kusa ba. Amma da ka wuce Magama ta Jibiya ka isa Ɗan Isa, tuta ta sake, kakin jami'ai ya sake, kuɗi ya sake, allunan hanya sun koma Faransanci, har ramin da za ka soka cajar wayarka ya zama mai ido biyu zagayayyu maimakon namu mai uku. Duk abin da ake koyo a fitar farko yana nan: yadda ake miƙa takarda a jira hatimi, yadda ake lissafi da kuɗin da ba naka ba, yadda mutum ke zama baƙo. Abu ɗaya ne ba a karɓe maka ba, harshenka. In ka ɓata, ka yi tambaya a ba ka amsa. In jandarma ya tsare ka, da Hausa za ku fahimci juna. Wanda bai taɓa tsallaka iyaka ba ba zai gane girman wannan rangwame ba sai ranar da ya tsinci kansa a tashar Kwatano ana yi masa Faransanci da yaren Fon, shi ko sai murmushi.

Har ma akwai wani daɗi da Bazamfare ke samu a can wanda ba ya samu a Kano. A Kano in ka ce "hwara" ko "wanga" ko "tahi", sai an yi maka dariya an kwaikwaye ka. A Maraɗi da Tsibiri haka kowa ke magana. Abin da zai ruɗa ka kalmomin aro ne. Asibiti a can "likita" ne, makarantar boko "lakwal", malaminta "mushe", kwastan "duwan", kwalta "gudro", ɗan acaɓa kuwa "kabu-kabu".

Dalilin wannan kusanci ba ɓoyayye ba ne, kuma shi ne ya sa nake ganin mutumin Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura ya fi kowa cancantar zuwa. Tarihinmu rabi ne a hannunmu, ɗaya rabin yana can. Mu a nan mun tashi da labarin Namoda, jarumin Alibawa da Ƙaura ta ci sunansa, da faɗuwar Alƙalawa, birnin Gobirawa, a 1808. Ba a cika gaya mana inda waɗanda aka ci da yaƙi suka nufa ba. Sarakunan Katsina na Haɓe, bayan birninsu ya faɗa hannun masu jihadi, arewa suka yi, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi, shi ya sa har yau sarkin garin Sarkin Katsina ake ce masa, da Ƙauransa da Galadimansa da 'Yanɗakansa da Durɓinsa, kamar dai a birnin Dikko. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, 'yan kilomitoci kaɗan daga Maraɗi. Daga waɗannan garuruwa biyu ne dawaki suka riƙa fitowa suna kai hari ƙasar Zurmi da Ruma shekara da shekaru, zamanin sarakuna irin su Ɗan Baskore. Ita kuwa iyakar da ake buga maka hatimi a kanta, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a takarda, suka bi da turaku tsakanin 1906 da 1908. Ka je fadar Tsibiri ka zauna ka ji yadda maroƙansu ke ba da labarin da ka sani daga ɗaya ɓangaren. Gwarzonka a can shi ne abokin gaba. Wannan zama ɗaya ya fi hoton bakin teku ɗari.

Sai dai ba zan yi wa kowa ƙarya a kan hanya ba. Miƙaƙƙiyar hanyar, wadda ta bi ta Zurmi ta faɗa Jibiya, a da tafiyar hantsi ce. Yau kowa ya san abin da ɓarayin daji suka mayar da ita. Ta Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni ma haka, ko ta fi. Shi ya sa da yawa ke zagayawa ta Gusau su ɓullo Katsina, su kwana, da safe su kama hanyar Jibiya, duk da ita ma hanyar zagayen ba a ce lafiya lau take ba. Wannan ba abin da taswira ko waya za ta gaya maka ba ne. Ka je tasha kwana biyu kafin tafiya, ka zauna da direbobin da suka bi hanyar jiya, ka ji ta bakinsu. In sun ce a dakata, ka dakata, Maraɗi ba guduwa za ta yi ba. Kada kuma wani mai mashin ya ruɗe ka da ɓarauniyar hanya wai ta fi sauri ba a biyan ko sisi. Wanda ya shiga ƙasar mutane babu hatimin shiga, shi da wanda ya haura katanga ɗaya suke a idon hukuma, kuma a can ba a wasa da mai kaki. Tsallaken iyakar ma ba aljanna ba ce. Dazuzzukan kudancin Madarumfa suna fama da irin ciwonmu, kuma tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato ke zaman gudun hijira a yankin Gidan Rumji. Kana iya cin karo da wanda kuka yi makarantar allo tare.

Maganar takardu tana son natsuwa, don ƙasa ta motsa a 'yan shekarun nan. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Nijeriya ke shiga Nijar ba biza, ya zauna har kwana 90. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a fara buɗe ta ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, suka tsaya a ƙungiyarsu ta AES, ko da yake ɓangarorin biyu sun ce talakawa su ci gaba da shige da ficensu ba biza. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, abin da wanka ya tarar a Ɗan Isa shekara uku da suka wuce ba hujja ba ne. Ka riƙe fasfo na gaske, ka nemi labarin wanda ya tsallaka cikin makon nan. Ka kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne.

Kuɗi kuwa, a nan ne na sha kunyata, zuwana na farko. Na sauka da yamma, na zauna a teburin wani mai shayi, ya haɗa mini da dogon burodin nan nasu mai ɓawo. Na ce nawa? Ya ce, "Dala talatin." Na ƙirga a raina, sefa talatin, ai wannan kyauta ce. Na miƙa masa ƙwandalar hamsin ina jiran canji. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Alhaji daga Najeriya kake?" Duk bencin aka sa dariya. Ashe dala ɗaya sefa biyar ce. Dala talatin sefa 150 ke nan, dala ashirin 100, dala ɗari 500, jika guda kuwa 1,000. Duk farashin da aka faɗa maka da dala, ka ninka shi sau biyar. Ka kuma sani sefa ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi, nairarmu ce ke hawa da sauka a gabanta. Saboda haka ka tambayi farashin canji a ranar, ka canja kaɗan a bakin iyaka don mota da abinci, sauran sai ka shiga gari wurin wanda mai masaukinka ya sani. Kada ka dogara da katin bankinka.

Idan kwana biyu suka tafi a hanya, ɗaya na ajiye, saura biyu, ko uku in Allah ya sa ba tsaiko. Sun isa, in ba ka warwatsa su ba. Ka daidaita zuwanka da Litinin ko Juma'a, ranakun babbar kasuwa, ka ga jar akuyar Maraɗi da fatarta ta yi suna, ka ga inda alhazan garin suka yi arzikinsu tun zamanin gyaɗa. Ka sa a sauka da kai fadama a nuna maka inda tsohon gari yake kafin ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta sa aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni da miƙaƙƙun layuka. Yini ɗaya na Tsibiri ne. Tafkin Madarumfa, inda ake ziyarar kaburburan waliyyai 99, sai in mutanen gari sun ce hanya lafiya. In ka samu ana kokowa, kada ka wuce, don a Nijar kokowa ba wasan bayan girbi kaɗai ba ce, gasa ce ta ƙasa da jihohi takwas ke neman takobi. Lokaci kuma, daga ƙarshen kaka zuwa hunturu ya fi. A bazara, zafin garin sai ya kwantar da kai a ɗaki tun daga hantsi har la'asar.

Mai mako guda cif yana iya ƙarawa da Damagaram, kusan kilomita 240 gabas da Maraɗi, ya ga fadar sarki da unguwar Birni da Zango, a garin da ya kasance babban birnin Nijar har 1926. Agadas da hasumiyarta ta ƙasa mai tsawon mita 27, da Yamai mai nisan sama da kilomita 600, a bar su sai wani jiƙon. Shi kuwa jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, mu da jirgi ya iso Ƙaurarmu tun 1929 muka kuma ga yadda dogo ya koma wurin shanyar barkono, ba za mu sa ranar tafiya da shi ba tukuna.

Yaron dai ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, bai ce ya yarda ba. Bayan mako biyu uwarsa ta ce mini ya je an yi masa allurar shawara. Wata Litinin da azahar sai ga kira da lambar da ta fara da 227. Hayaniyar kasuwa ta cika wayar, da ƙyar nake jin sa.

"Kawu, mai kilishi ya ce jika biyu da dala ɗari. Nawa ke nan?"

Na ce, "Kai za ka gaya mini."

Ya yi shiru yana lissafi. Can ya ce, "Dubu biyu da ɗari biyar." Sai na ji ya juya yana ce wa mutumin, "A'a, baba, rage mini dai, ni ma ɗan gida ne."