Inda ramin SSH ke toshewa idan imel ɗin ofis ya ƙi buɗewa a Bauchi

Hadimin da aka turo Bauchi daga Abuja yakan gamu da matsalar ne a masauki, ko a wani ofishi na Sakatariyar Tarayya, ana dab da cikar wa'adin miƙa takarda: intanet na aiki, amma akwatin imel na ofis ya ƙi buɗewa. Idan ma'aikatarsa ba ta yarda a shiga sabarta kai tsaye daga waje ba, to ta rami yake bi, wato SSH, wanda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finlan a 1995. Kwamfutarsa kan buɗe wata ƙofa a cikinta, duk abin da ya shiga nan a kulle shi, ya bi ta ƙofa ta 22, ya ɓulla a ƙofa ta 993 ta sabar imel.

Yawancin cikas ɗin ƙanana ne. Intanet ɗin wasu otal-otal na toshe ƙofa ta 22, sai a koma ga datar waya. Ramin da ya yi shiru kuma layi kan datse shi, maganinsa kunna ServerAliveInterval. Idan saƙo na shigowa amma ba ya fita, an manta ne da rami na biyu zuwa ƙofa ta 587 ko 465. Akwai kuma agogo: tsohuwar kwamfutar tebur da batirinta ya mutu kan rikita kwanan wata bayan doguwar ɗaukewar wuta, irin ta Oktoban 2024 da ta bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Daga nan sai ta ƙi amincewa da takardar shaidar sabar. Ƙaramin batiri daga kasuwar Wunti ya wadatar.

Haɗarin yana wurin gargaɗi, domin iri biyu ne masu kama da juna. Na farko daga manhajar imel yake: sunan da ke kan takardar shaida bai dace ba. Ramin ne ya jawo haka, tunda manhajar na magana da localhost, alhali takardar na ɗauke da sunan sabar ma'aikata. Mai gaggawa kan kashe binciken shaidar gaba ɗaya, kuma da wuya ya tuna ya mayar. Abin da ya dace shi ne a bar ainihin sunan sabar a manhajar, a nuna shi ga 127.0.0.1 a fayil ɗin hosts.

Na biyu daga SSH kansa yake, cewa makullin sabar ya canza. Mai yiwuwa an sabunta na'urar ne a Abuja, mai yiwuwa kuma wani ne ya shiga tsakani yana jiran kalmar sirri. Daga Bauchi ba a iya bambancewa. Sai a dakata, a kira jami'in kwamfuta na ma'aikata ya karanto lambar makullin ta waya, a gwada ta harafi da harafi, ko da maigida na matsa lamba a turo takardar ta WhatsApp.