Jarrabawa Ta Koma Kan Kwamfuta: Yaran Karkara Fa?

Daga Wakilinmu a Ikko

Cikin watan azumin shekarar 2025 wana ya aiko mini da ɗansa daga gida. Yaron ya biyo wata motar albasa, kwana biyu suna hanya, na je na tarye shi a kasuwar Mil 12 ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Saƙon da ya zo da shi gajere ne: ya gama sakandare, an yi masa rajistar jarrabawar shiga jami'a, saura 'yan makonni a zauna, a taimaka a nuna masa kwamfuta.

Da muka sha ruwa a daren nan na ɗauko tawa ta aiki na ajiye masa. Ya daɗe yana kallonta, hannuwansa a kan cinya. Da na ce ya kama linzamin, sai ya ɗaga shi sama yana juyawa, yana jiran ya ga abin da zai faru. Na tambaye shi ko ba a koya musu darasin kwamfuta a makaranta ba. Ya ce, "An koya mana, Baffa, har na ci. Malam a allo yake zana mana ita." Ya san sunan kowane sashe nata da Turanci, ya iya jero su ba gargada, amma tsoro yake ji kada ya danna wani wuri ta lalace a ce ya biya.

Na kawo wannan labari ne domin mai karatu ya san inda na dosa, ba don yaron nan ya fi sauran ba. Hasali ma ya fi dubbai sa'a, tun da yana da baffa a Ikko.

Hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, watau JAMB, an kafa ta a shekarar 1978, kuma shekara da shekaru da fensir da takarda ake yi mata jarrabawa. Mu ma haka muka yi tamu, mai wuƙar fiƙe fensir shi ne sarki a ɗakin. A 2013 hukumar ta fara gwada kwamfuta, aka bar wa yaro zaɓi. Daga 2015 aka rufe ƙofar takarda ƙaf. Daga nan ya zama duk wanda ke son jami'a, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko kwalejin horon malamai a Nijeriya, dole ya zauna gaban na'ura ya amsa tambayoyi, waɗanda daga baya aka mayar da su 180 cikin awa 2.

Gaskiya ita ce sauyin ya yi amfani. Wanda ya ga yadda ake cinikin takardun tambaya a da, da yadda ake jiran sakamako wata da watanni, wani ma ya ɓace a hanya, ba zai yi fatan a koma gidan jiya ba. Hukumar kuma ta yi nata ƙoƙarin. Daga baya ta tsara yadda yaro zai iya gama jarrabawar da 'yan maɓallai kaɗan ba sai ya taɓa linzami ba: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komowa baya, S na miƙa aiki. Ta kuma fito da jarrabawar gwaji ga mai so, in ya biya. Amma fa sauƙaƙa maɓalli bai cire fargaba daga zuciyar wanda bai taɓa zama gaban gilashin ba. Agogo yana tafiya a kusurwar allo, minti goman da ɗan ƙauye zai ɓata yana neman inda zai sa lambarsa, ɗan birni ya riga ya amsa tambaya goma sha biyar. Ga shi kuwa maki ɗaya tak yakan raba mai shiga da mai jiran baɗi.

Wahalar ma tun kafin ranar jarrabawa take farawa. Daga 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda samunta kanta tafiya ce zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma, sau da yawa ba sau ɗaya ba. Sa'an nan yaro ya aika da lambar ta saƙon waya daga layin da zai riƙe nasa na kansa, a dawo masa da wata lambar. Sa'an nan ya nemi cibiyar da hukumar ta amince da ita, a ɗauki hoton yatsunsa. Cibiyoyin nan, waɗanda ake bukatar kowace ta tanadi kwamfuta 250 da janareta, ba su kai 1,000 ba a duk ƙasar a shekarar 2025, alhali kuwa masu jarrabawar sun kusa miliyan 2. Yawancinsu kuma a manyan garuruwa suke, domin 'yan kasuwa da manyan makarantu ne ke da su, ɗan kasuwa kuwa inda ciniki yake nan yake kafa rumfa. Yaron Ikeja zai karya kumallo a gidansu ya hau motar haya. Yaron da ke bayan gari sai ya yi sammako tun jiya, a kan hanyoyin da manya ma ke addu'a kafin su hau.

Abin da ya faru a 2025 ya isa a tsaya a kansa. Da sakamako ya fito aka ga fiye da yara miliyan 1 da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Iyaye suka yi caa. Ran 14 ga watan Mayu shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya tara 'yan jarida ya amsa cewa an sami tangarɗa a na'urorin da ke karɓar amsoshi, har ya zub da hawaye a bainar jama'a. Yara 379,997 abin ya shafa, a cibiyoyi 157 na Jihar Legas da jihohi 5 na kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. An yaba wa mutumin da ya fito ya ɗauki laifi, abin da ba mu saba gani ba. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kukan da ya sa aka sake duba sakamakon, a Facebook da X da WhatsApp aka yi shi, iyaye da malamai masu manyan wayoyi, waɗanda suka san makin da 'ya'yansu suka saba ci a gwaji, su ne suka ƙi yin shiru. Wana da ƙaramar wayarsa mai tocila, da an aiko masa da maki 130, cewa zai yi haka Allah Ya ƙaddara. Rashin na'ura ba a ɗakin jarrabawa kaɗai yake cutar talaka ba, har bakin yin ƙara yake hana shi.

To, daga ina wannan rata ta taso? Ba za a ce ba a ci gaba ba. Kafin a sayar da lasisin wayar salula a watan Janairu na 2001, layukan tarho da ke aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, mai son magana da ɗan'uwansa sai ya bi layi a ofishin NITEL. Yau mai tallan ruwa ma da wayarsa. Amma waya daban, intanet daban. Manyan wayoyin da ke kawo intanet ta ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano ta kamfanin Google da ta iso a 2022, a gaɓar Ikko suka sauka. Jan su zuwa cikin ƙasa shi ne aikin, kuma nan aka daɗe ana tafiyar hawainiya. Tun 2013 aka yi yarjejeniya cewa jihohi za su riƙa karɓar Naira 145 kan kowace mita da kamfani ya haƙa don binne waya, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Sai a 2020 wasu suka sauko, Ekiti ta koma 145, Kaduna ta yafe ɗungum. Shirin Gwamnatin Tarayya na 2020 zuwa 2025 ya ɗauki alkawarin intanet mai sauri zai kai kashi 70 cikin 100, wa'adin ya cika ana wajen rabi. A 2024 aka ba da sanarwar za a shimfiɗa sabuwar waya mai tsawon kilomita 90,000. Allah Ya sa a ga ƙarshenta.

Ko waya ta iso, sai da wuta. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ba sa samun lantarkin gwamnati ko kaɗan. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro, na biyun da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi. A garinmu cajin waya sana'a ce, mai janareta ya jera wayoyi ɗari a kan tebur, ka biya ka dawo da la'asar. Ban san yadda za a ce wa shugaban makarantar da ba ta da ko ƙwan fitila ya buɗe ɗakin kwamfuta ba.

Sai kuma tsada, da tsaro. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000. A watan Satumba na 2021 kuwa gwamnati da kanta ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna don yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka riƙa tafiya wata jiha don su aika da saƙo ɗaya.

Lokacin da ratar ta fito fili kowa ya gan ta shi ne 2020. Annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, aka yi wajen wata shida yara na gida. A nan Ikko na ga 'ya'yan maƙwabta masu makarantun kuɗi suna zaune da rigar makaranta gaban kwamfuta, malama na kiran suna ta Zoom. Jihohi da dama, har da Kano da Kaduna da Legas, sai suka koma ga tsohon aboki, watau rediyo da telebijin, kuma a ganina nan ne aka fi yin abin hankali, domin rediyo batir biyu ya ishe shi, kuma ba gidan da bai san shi ba. Sai dai rediyo ba ya jin tambayar yaro, ba ya kuma duba littafinsa. Yaran gida da na tambaya daga baya, a gona suka yi watannin nan.

Ba yau aka fara alkawari ba. Tun 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. A 2007 aka raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore na shirin nan na Amurka mai neman kowane yaro ya mallaki tasa, 'yan jaridun duniya suka zo suka ɗauki hoto. A 2013 Jihar Oshun ta raba wa 'yan sakandare allunan karatu da ta kira Opon Imo. Akwai ma asusu na musamman da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don kai waya da intanet inda kamfanoni ba sa ganin riba, wanda ya gina ɗakunan kwamfuta a makarantu da dama. Cutar irin waɗannan ayyuka guda ce a idona: ana sayen na'ura, ba a sayen abin da zai raya ta. Ba kuɗin mai, ba mai gyara, ba malamin da ya iya. Na taɓa shiga irin ɗakin nan a wata makaranta, sai da aka nemo mai riƙe da mabuɗi daga gida. Kwamfutoci ashirin a lulluɓe da leda, gizo-gizo ya yi saƙa, ana adana su don ranar da baƙi za su zo.

Abin da ya sa maganar ta ƙara nauyi shi ne ba JAMB kaɗai ba ce kuma. Hukumar WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zama na ƙashin kansu a farkon 2024. A watan Afrilu na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026. Wata guda bayan haka ƙasa ta ga hotunan yara suna rubuta jarrabawar Turanci ta WAEC da dare, da hasken tocila da na waya, saboda takardu sun makara kuma azuzuwan ba wuta. A watan Nuwamba Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta shirin zuwa 2030, a fara gina ɗakuna da horar da malamai tukuna. JAMB awa 2 ce, zaɓen A ko B. WAEC kuwa makonni ake yi, da insha'i da lissafi da zane. Yaron da ke neman harafi ɗaya-ɗaya da yatsa guda, a ce ya rubuta insha'in kalma 450 yana tsere da wanda ya tashi da kwamfuta a ɗakin uwarsa, wannan ba gwajin Turanci ba ne kuma. Ra'ayina shi ne kada a tilasta wa kowace makaranta jarrabawar na'ura sai an tabbata ɗalibanta sun yi aƙalla shekara guda suna taɓa na'urar da hannunsu.

Ɗan wana mako uku ya yi a wurina. Kullum bayan tarawihi sai ya zauna ya yi tsofaffin tambayoyi yana duban agogo, har hannunsa ya saki. Bayan salla ya koma. Ranar jarrabawa a masallacin tasha ya kwana, domin an ce su hallara tun da asuba. Da ya fito ya kira ni ya ce ya gama da sauran lokaci, amma yaron da ke gefensa ya daɗe da hannu a sama yana jiran a zo a nuna masa inda zai fara.

Yanzu ƙanwarsa ce ke tafe, kuma duk gidan an san ta fi shi kai. Uwarta ta ce ba inda 'yarta za ta a motar albasa, ban kuma ga laifinta ba. Na je kasuwar kwamfuta ta Ikeja na taya wata ta hannu, muka daidaita da mai shagon a kan zan biya sau uku. Da na gaya wa wana ta waya, ya yi godiya, ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni nawa mai janareta zai riƙa karɓa kafin ya caja abu mai girma haka.