Makarantar Kuɗi ta Ƙananan Yara: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Da zarar dogon hutu ya kusa ƙarewa, hirar gidan suna da ta majalisa a Kano sai ta koma kan makaranta. Wannan ta ce ta cire nata daga wuri kaza don ba sa jin Turanci, wancan ya ce an buɗe wata sabuwa mai manhajar Ingila. Bara na raka ƙanwata muka zaga makarantu biyar muna neman nazaren da za a sa ɗiyarta 'yar shekara huɗu. A wannan zagayen na gane cewa maganganun da muke yi wa juna sai an sheƙe ƙaiƙayinsu kafin a ga tsabar.

Wadda ta fi yawo ita ce wai makaranta mai kyau ita ce wadda yaro zai dawo gida yana zuba Turanci cikin zango ɗaya, kuma wadda ke hukunta mai yin Hausa ta fi sanin aikinta. Rabin farko yana da ƙamshin gaskiya, domin da Turanci ake rubuta jarrabawa. Rabi na biyu ba gaskiya ba ne. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji: aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka riƙa koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, sun kuma yi kyau a sauran darussa. Dalilin a bayyane yake. Yaron da ya gane mene ne tarawa da ɗebewa da harshen da ya tashi da shi, abin da ya rage masa shi ne sunayensu da Turanci. Wanda aka tsoratar da bulala kuwa shiru yake koya.

Na ga wannan da idona. A wani aji, malamar da yara ke kira Anti ta tsayar mana da wani yaro mai fara'a ya karanta shafi guda ba gargada. Na yaba masa, sannan na ɗora yatsa a kan wata kalma a layin ƙarshe na ce, “Yarona, wannan fa?” Ya dubi kalmar, ya dubi Anti, ya koma farkon shafin ya sake ɗaukowa daga sama. Hadda ya yi, haruffan ba su zauna ba tukuna. Abin ya taɓa min rai, don yaron yana da kai, kuma iyayensa suna can sun sakankance ya iya karatu.

Sai maganar sunaye. An ce in ka ga Montessori a allon ƙofa, to an gama. Montessori dai sunan mace ne, Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907. Tsarinta yana da alamu da ido ke gani: 'yan shekara uku zuwa shida a aji guda, kayan koyo na katako a kan kantoci daidai tsayin yaro, kowa ya zaɓi aikinsa, malama na zagayawa tana lura. Kowa na iya rubuta sunan a bango. In ka shiga ka tarar da benci a jere, yara na maimaita abin da ke kan allo da ƙarfi, suna ne kawai aka ara. Haka ma manhajar Ingila. Akwai makarantun da suka yi rajista da hukumar Cambridge da gaske, kuma suna da takardar da za su nuna. Ka nemi ganinta. Ka kuma tuna cewa yaron da zai zauna jarrabawar shiga sakandaren tarayya ta NECO, manhajar Nijeriya ce za a tambaye shi.

Akwai kuma alfaharin tsallaken aji. Makarantu da dama ba su da aji shida ma sam, daga aji biyar ake tura yaro sakandare, iyaye na murna ɗansu haziƙi ne. A tsarin ƙasa, yaro na shiga aji ɗaya yana da shekara shida, ya yi shida a firamare, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ƙidaya waɗannan shida cikin shekaru tara na dole. Wanda aka yi ta ingizawa zai gama sakandare yana da sha huɗu ko sha biyar, ya tarar gwamnatin tarayya ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Sai ya zauna jira a gida. Jingar da ake jibga wa ɗan shekara uku ma duk cikin wannan gaggawar ce. A wannan shekarun hannunsa wasa da ƙasa da zane yake buƙata kafin cika shafi.

Wata maganar da na so a ce gaskiya ce: wai duk makarantar da ke da allo da yunifom gwamnati ta san da ita. Ba haka ba ne. Da yawa gidajen haya ne aka mayar da ɗakunan kwana azuzuwa. Kasancewar mai makaranta ɗan ƙungiyar masu makarantu ma ba ya nufin yana da lasisi. A Kano hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ce ke da wannan hurumin. Kanawa ba za su manta da Janairun 2022 ba, lokacin da aka gano gawar yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace. Bayan nan ne gwamnatin jihar ta soke lasisin dukkan makarantun kuɗi, ta ce a sake tantance su. Don haka ba rashin kunya ba ne uba ya ce, “Malam, a nuna min takardar izini.”

Abin da ake faɗa kan malamai kuwa, wannan gaskiya ne. A makarantun kuɗi da yawa albashi kaɗan ne, malamai na shigowa suna fita, yaro ya saba da wata yau, zango mai zuwa ya ga baƙuwar fuska. Tsada ba ta kawar da wannan, domin kuɗin na iya tafiya a fenti da motar ɗaukar yara. A ƙa'ida, mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, tare da rajista da hukumar malamai ta TRCN, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta ce kada yaran nazare su wuce 25 ga malami ɗaya. Tambaya ɗaya ta fi yi mana amfani a duk zagayen: “Malama, shekara nawa kika yi a nan?”

A makaranta ta huɗu, amsar ita ce shekara tara. Ginin tsoho ne, amma tagogi a buɗe suke, banɗaki da ruwa a buta, yara ashirin da 'yan kai a zaune kan tabarma suna ƙirga da marafan kwalba. Muka tsaya har aka tashi. Wani saurayi ya zo ɗaukar ƙaninsa, maigadi ya ƙi sakin yaron sai da aka buga wa uwar waya ta tabbatar. Ƙanwata ta dube ni ta ce, “Yaya, mu koma ofis mu karɓi fom.”