Wasan da babu maki, amma ɗan benci ke jira

Duk wanda ya taɓa zuwa filin wasa na Diguel bayan la'asar ya san su: samari zaune a gefen fili, takalma a ɗaure, ido na kan koci. Sai a busa tashi ba a kira su ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibaina ya shafe kaka guda a haka. Ran nan ya ce mini, "Malam, mahaifiyata ta daina tambaya ko na buga, tunda riga na komawa gida tsaf ba ƙura."

Ban ga laifin koci ba. Wasan gasa maki ake nema, kuma wanda aikinsa ke rataye da maki uku ba zai yi gwaji da sabon yaro ba. Wurin gwaji shi ne wasan sada zumunci, wanda mu nan muke rainawa, muna cewa ai ɓata lokaci ne.

Masu ƙwallon zari-ruga, wato rugbi, sun daɗe da gane wannan. A Ingila, a shekarar 1890, William Percy Carpmael ya kafa wata ƙungiya mai suna Barbarians. Ba ta da filin kanta, ba ta cikin wata gasa, kuma ba a neman shiga, gayyatar mutum ake yi. Kowa zai sa rigarta mai ratsin baƙi da fari, amma safa ta kulob ɗinsa zai sa, don a san inda ya fito. Abin da ya fi burge ni shi ne al'adarsu ta saka aƙalla ɗan wasa ɗaya wanda bai taɓa buga wa ƙasarsa ba a tsakiyar manyan taurari. Ka ga yaro ya kwana otal ɗaya da gwanaye, ya yi atisaye da su, masu zaɓen 'yan wasan ƙasa na kallo. Minti 80 ɗin nan kan fi masa shekara guda a benci.

'Yan kallo ma ba a bar su a baya ba. Da yake ba a tsoron faɗuwa gasa, 'yan wasa kan saki jiki su yi ta gudu da ƙwallo a hannu maimakon dokawa waje. A watan Janairun 1973, a Cardiff, Barbarians suka doke New Zealand da ci 23 da 11, kuma cin da Gareth Edwards ya yi a farkon wasan, bayan Phil Bennett ya fara kai hari daga kusa da layin gidansu, har yau ana nuna shi a matsayin ɗaya daga cikin mafi kyau a tarihin wasan. Wasa ne fa da babu kofi a kai. Faransa ta kwaikwaya, ta kafa tata Barbarians a 1979.

Ba komai ne zuma ba. Ana jin rauni a irin wannan wasa kamar kowane, kuma kulob ɗin da ke biyan albashi ba ya so ɗan wasansa ya karye a banza. Akwai kuma sakaci: a Oktoban 2020 an soke wasan Barbarians da Ingila saboda wasu 'yan wasansu sun karya dokar korona.

Mu a Chadi rugbi ƙaramin wasa ne, ƙwallon ƙafa ce tamu, amma ciwon ɗaya ne. Tawagar Sao ta janye daga neman gurbin kofin Afirka a 2016 saboda rashin kuɗi, a 2021 kuma FIFA ta dakatar da ƙasar na wasu watanni. Idan manya ma wasa bai ishe su ba, ina ga na benci?

Abin da nake gani ba ya buƙatar miliyoyin sefa. A ƙarshen kaka, a tara waɗanda ba su samu bugawa ba daga Gazelle, Foullah Edifice, Renaissance da Tourbillon, a haɗa su da tsofaffin gwanaye biyu ko uku, su kara da zakaran gasa a filin Diguel. Kuɗin ƙofa ya zama daidai aljihun ɗan makaranta, kowa kuma ya zo da safar kulob ɗinsa. Ɗalibin nan nawa ya ce in dai za a yi, shi zai kawo mahaifiyarsa da kansa.