Ka saya da kuɗinka amma ba naka ba ne: Yadda kamfanoni ke kashe wasannin bidiyo

A ranar 31 ga watan Maris na 2024, kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya kashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da wasan tseren motoci mai suna The Crew. Daga wannan rana, duk wanda ya zura faifan wasan a PlayStation ko Xbox, ko ya buɗe shi a kwamfutarsa, abin da zai gani bai wuce hoton farko da saƙon cewa an kasa haɗawa ba. Faifan lafiyarsa ƙalau, na'urar ma haka, ga intanet, amma wasan ya tafi.

The Crew ya fito ne a watan Disambar 2014, kuma abin da ya ja hankalin mutane shi ne taswirarsa. An ƙanƙance Amurka baki ɗaya aka zuba ta cikin wasa, ta yadda mutum zai tayar da mota daga birnin New York, ya ratsa duwatsu da hamada har Los Angeles ba tare da an katse shi ba. Ana iya tsere da wasu mutane ta intanet, ana kuma iya bin labarin wasan daga farko har ƙarshe ba tare da kowa ba.

Sai dai an gina shi ta yadda ko kai kaɗai kake wasa, dole na'urarka ta riƙa magana da babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake kira saba. Ranar da sabar ta yi shiru, komai ya tsaya.

Ubisoft ya janye wasan daga kasuwa tun 14 ga Disambar 2023, yana mai cewa matsalar kayan aikin saba da wa'adin lasisi ce ta tilasta masa. Maganar lasisi ba ƙarya ba ce, domin wasannin tsere kan karɓi izinin amfani da motocin gaske da waƙoƙi na wasu shekaru ƙayyadaddu. Abin da ya fi fusata mutane ya zo ne bayan rufewar: a watan Afrilu, masu wasa a kwamfuta suka tarar an soke musu lasisin wasan a asusunsu na Ubisoft Connect, har ba za su iya sake sauke shi ba. Wato bayan an kashe fitila, an kuma ɗauke ƙwan.

Me ya sa wasa zai mutu?

Wanda ya taɓa zama a shagon gem a Kano ko Damagaram ya san tsohuwar PlayStation 2 ba ta neman izinin kowa. Muddin faifan bai karce ba kuma akwai wuta ko janareto, wasan da aka buga shekara 20 da suka wuce zai tashi yau kamar yadda ya tashi ranar da aka fitar da shi. Dalili shi ne komai na cikin faifan.

Wasannin da ake cewa "sai da intanet" an raba su gida biyu. Hotuna da sauti da taswira suna na'urarka, amma wani ɓangare na ƙwaƙwalwar wasan yana hannun kamfani: tantance ko kai waye, ajiye inda ka tsaya, lissafin kuɗin cikin wasa, wani lokaci har da motsin abokan hamayya. A wasannin da mutum ɗari ke haɗuwa a fili guda, hakan ya zama dole, domin sai da alƙali a tsakiya. A wasu kuwa, kamfani kan yi haka ne don hana satar fasaha, da daƙile maguɗi, da kuma riƙe shagon da yake sayar da ƙarin kaya a cikin wasan.

Riƙe saba yana cin kuɗi kowane wata: haya, wuta, ma'aikatan tsaro da gyara. Idan masu wasa suka ragu har kuɗin shiga ya kasa rufe wannan, sai a rufe. Babu wanda ke musun wannan lissafi. Gardamar tana kan abin da ya kamata a bar wa mai saye a ranar da aka rufe.

Kuma abin bai tsaya kan tsofaffin wasanni ba. Sony ya fitar da Concord ranar 23 ga Agustan 2024 a kan dala 40, ya janye shi ranar 6 ga Satumba, wato bayan mako biyu, saboda bai samu kasuwa ba. Ya dai mayar wa mutane kuɗinsu. Kamfanin EA kuwa ya sanar a Yulin 2025 cewa zai kashe sabar Anthem, wanda ya fito a 2019, ranar 12 ga Janairun 2026, kuma babu wata hanyar buga shi bayan nan.

Mutum ɗaya da tashar YouTube

Ross Scott Ba'amurke ne mai tashar Accursed Farms a YouTube, wanda ya shafe shekaru yana ƙorafi kan wannan ɗabi'a ba tare da an saurare shi sosai ba. Rufe The Crew ya ba shi abin da yake nema: wasa mai ɗimbin masu saye, daga kamfanin da ke Faransa, inda dokokin kare masu sayen kaya ke da ƙarfi. A watan Afrilun 2024 ya ƙaddamar da gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni.

Buƙatar gangamin ta fi ƙanƙanta fiye da yadda mutane da yawa suka ɗauka. Ba su ce kamfani ya riƙe saba har abada ba, ba su kuma ce ya miƙa mallakar wasansa ba. Cewa suka yi idan kamfani ya sayar da wasa, to ya tanadi yadda zai bar shi yana aiki gwargwado bayan ya janye hannunsa, ko dai ta hanyar gyaran da zai sa a buga ba tare da intanet ba, ko ta sakin manhajar da za ta ba mutane damar kafa tasu sabar.

Magoya bayansa a Turai suka bi wata ƙofa da Tarayyar Turai ta buɗe wa 'yan ƙasa: idan aka tara sa hannun mutum miliyan ɗaya cikin shekara guda, tare da cika wani ƙayyadadden adadi a ƙasashe bakwai aƙalla, dole Hukumar Tarayyar ta duba buƙatar ta ba da amsa a rubuce. An fara tattarawa ranar 31 ga Yulin 2024. Na tsawon watanni adadin ya maƙale ƙasa da rabin miliyan, har Scott ya fito a watan Yunin 2025 yana cewa da alama an yi rashin nasara. Wannan bidiyon ne ya tayar da ƙura. Manyan masu tashoshin wasanni suka ɗauki zancen, kuma a farkon Yuli aka haye miliyan ɗaya. Da aka rufe a ƙarshen watan, an tara kimanin miliyan 1.4.

Sa hannun yana tilasta wa Hukumar saurare da amsawa ne kawai, bai tilasta mata kafa doka ba. A Birtaniya an ga misalin hakan: takardar koke ta haura sa hannu 100,000 da ake buƙata, 'yan majalisa suka yi muhawara a kai a watan Nuwambar 2025, amma gwamnati ta ce ba ta da shirin sauya dokar da ake da ita.

Rikicin kalmar "saye"

A watan Nuwambar 2024, wasu mutum biyu a jihar Kalifoniya suka kai Ubisoft kotu kan The Crew. Martanin lauyoyin kamfanin shi ne ainihin zuciyar batun: sun ce babu wanda ya taɓa mallakar wasan, abin da aka saya izinin amfani ne mai iyaka, kuma an rubuta hakan a jikin kwali da cikin yarjejeniyar da kowa ya amince da ita.

A takarda, suna da abin kamawa. Kusan duk manhajar da ke wayarka haka take, kuma wancan dogon rubutu da muke danna "na amince" ba tare da karantawa ba yana faɗin haka. Amma maɓallin da mutum ya danna kafin a cire masa kuɗi cewa ya yi "saya". A kasuwar Kantin Kwari, idan ka ce wa mutum ka sayar masa da atamfa, ba ka da bakin zuwa gidansa bayan shekara tara ka ce wa'adi ya cika. Idan haya ce, a faɗi haya, a faɗi kwanakinta, sai mai kuɗi ya auna. Mai biyan kuɗin wata-wata na Netflix ya san ranar da zai ƙare. Wanda ya sayi The Crew a watan Nuwambar 2023 bai san saura masa wata huɗu da 'yan kwanaki ba.

Kalifoniya ta taɓa wannan gefe da wata doka da Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Satumbar 2024, ta fara aiki a farkon 2025. Dokar ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye sai sun bayyana ƙarara cewa lasisi ne ake bayarwa. Shagon Steam, mafi girma a wasannin kwamfuta, ya fara nuna wannan gargaɗi tun kafin dokar ta fara aiki. Wannan ya gyara harshe, amma bai ceci wasa ko ɗaya ba.

Abin da kamfanoni ke cewa

Ƙungiyar Video Games Europe, mai magana da yawun manyan kamfanonin wasanni a Turai, ta fito a Yulin 2025 ta soki buƙatar. Ta ce hakan zai ƙara tsadar haɗa wasa, kuma sabar da jama'a suka kafa ba za ta iya kare bayanan mutane ko tsaftace miyagun kalamai ba. Akwai kuma batun manhajojin wasu kamfanoni da ake hayarsu a cikin saba, waɗanda mai wasan ba shi da ikon rabawa.

Hujjar ƙarshen nan tana da nauyi, musamman ga wasannin da aka riga aka gina. Warware su daga sabar kamar zare bulo ne daga gindin katanga. To amma gangamin ya fi karkata ga wasannin da za a yi nan gaba, kuma wanda ya san tun ranar aza harsashi cewa zai bar ƙofa, ba sai ya fasa bango daga baya ba.

Misalai sun nuna abin mai yiwuwa ne. Da kamfanin Velan Studios zai rufe Knockout City a 2023, ya saki wani nau'i na kwamfuta kyauta da mutane ke kafa sabarsu. Da Sony ya kashe sabar Gran Turismo Sport a Janairun 2024, ya fitar da gyaran da ya bar wasan yana aiki ba tare da intanet ba. Nintendo ya mayar da wasan waya na Animal Crossing: Pocket Camp zuwa nau'in da ake saya sau ɗaya a ƙarshen 2024. Shi kansa Ubisoft, bayan hayaniyar, ya yi alƙawari a Satumbar 2024 cewa The Crew 2 da The Crew Motorfest za su samu hanyar bugawa ba intanet, kuma na The Crew 2 ya fito a Oktobar 2025. Na farkon dai bai samu wannan gata ba.

Wanda ke riƙe da waya

Matasanmu da yawa ba su da PlayStation 5, amma suna da Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty Mobile ko eFootball a waya. Waɗannan kyauta ake sauke su, sai dai ana zuba musu kuɗi a sayi lu'ulu'u, riga, bindiga ko ɗan wasa, ban da data da ake ƙonawa. Duk abin da aka saya rubutu ne kawai a sabar kamfani.

EA ya rufe Apex Legends Mobile ranar 1 ga Mayun 2023, kafin ya cika shekara guda da fitowa a duniya, ya kuma ce ba zai mayar da kuɗin da aka kashe a ciki ba. Yaron da ya tara kuɗin ɗinki ko na gyaran waya ya sayi kaya a irin wannan wasa, ya sayi abin da ba zai iya sayarwa a hukumance ba, ba zai iya fitar da shi ba, ba shi kuma da ta cewa kan ranar ƙarewarsa.

Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa yanzu. Waɗancan aƙalla ana iya samun tsohon faifansu a ajiye a ɗakin karatu. Wasan da rabinsa ke saba, ko faifan ya tsira, rabi ne ya tsira. Duk wanda ya taɓa neman wani tsohon fim ɗin Kannywood na zamanin kaset ya rasa, ya san yadda aiki ke ɓacewa idan babu wanda ya ɗauki nauyin adana shi.

Shi kuwa The Crew, wasu masoyansa 'yan sa-kai ne suka zauna suka nazarci yadda yake magana da sabar Ubisoft, suka rubuta tasu da ke kwaikwayonta. A watan Satumbar 2025 suka saki aikin da sunan The Crew Unlimited, wanda ke tayar da wasan a kwamfuta ba tare da kamfanin ba. Yana aiki ne ga wanda yake da fayilolin wasan a kwamfutarsa. Masu faifan PlayStation da Xbox har yanzu hoton farko kawai suke gani.