Ko Kun Sani? Murjani Da Haske Yake Rayuwa

Murjani dabba ce mai rai, ko da yake a ido sai ka rantse dutse ne. A cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka ƙarama ƙwarai da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa haske ta samar masa da mafi yawan abincinsa. Shi ya sa masu kiwonsa a akwatin gilashi suka fi damuwa da fitila.

Ruwan teku na shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke kutsawa can ƙasa, kuma da shi murjani ya saba. A da, fitilun da ake ɗorawa a kan akwatin zafi ne da su kamar murhu, har sai an haɗa na'urar sanyaya ruwa. Shuɗiyar fitilar LED ce ta kawo sauƙi, wadda Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ci kyautar Nobel a kanta a 2014. A ƙarƙashinta za ka ga murjani yana walƙiya, kore shar ko ja wur.

Ana saita fitilar ta kwaikwayi ketowar alfijir, faɗuwar rana, har da farin wata. Da wannan dabara gidan tarihi na Horniman da ke Landan ya sa murjani ya saki ƙwai a cikin tanki a 2013.

Sai dai a yi hattara: idan aka ƙure hasken lokaci guda, murjani kan kori gansakukarsa ya yi fari fat.